Kifin Kwaɗo: Mazaunin Ƙasan Teku da Rayuwarsa Ta Rataya ga Murya

Kifin kwaɗo suna ne da ya tattara wani dangin kifaye masu zama a ƙasan teku, waɗanda masana halittu ke kira Batrachoididae, daga kalmar Girkanci mai nufin kwaɗo. Nau'o'insu sun kai kimanin 80. Mafi yawansu suna gaɓar nahiyoyin Amurka, amma akwai su a gaɓar Afirka da kudancin Turai da Asiya da Ostireliya, har ma wasu 'yan kaɗan sun koma ruwan daɗi a kogunan Kudancin Amurka. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne Opsanus tau, mazaunin gaɓar gabashin ƙasar Amurka, tun daga jihar Maine a arewa har zuwa Filorida a kudu. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya shigar da shi littafin kimiyya a shekarar 1766.

Masunta ba sa murnar ganinsa a ƙugiya. Ba shi da kyan gani, yana cizo, kuma ba ya tsada a kasuwa. Duk da haka, kaɗan ne daga cikin kifayen teku suka kai shi amfani ga ilimin likitanci da na jijiyoyin jiki. Dabarar rayuwarsa guda ce: ya sami rami ya zauna, ya yi kira, a zo a same shi. Daga wannan dabara ne kusan duk abin mamakin da ke jikinsa ya samo asali, kuma ita ce ta sa ƙarar injinan jiragen ruwa ta zame masa barazana a yau.

Siffa da mazauni

Kansa faffaɗa ne kuma a baje, kamar an taka shi, idanunsa suna sama, bakinsa ya kusa kai faɗin kan gaba ɗaya. A kewayen baki da saman idanu akwai 'yan tsokoki da ke reto kamar gemu, waɗanda ke ɓata siffarsa ta yadda zai saje da ciyayin ruwa da duwatsu. Fatarsa ba ta da ɓawo, santsi ce da yauƙi irin na tarwaɗa, launinta tsakanin ruwan ƙasa da ɗorawa, da dabbare-dabbare masu duhu. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce santimita 30 ba, manyansu kuwa sukan kai wajen 40.

Ba shi da zaɓe wajen muhalli. Yana zama a tsakanin duwatsu, da ƙarƙashin gadojin katako na tashoshin ƙananan jirage, da cikin tarin kawa, wato halittar ruwan nan mai ɓawo biyu da ke manne wa juna har ta yi tudu a ƙasan ruwa. Idan bai sami waɗannan ba, gwangwanin da aka yar ko tsohuwar taya ko guntun bututu sun wadatar da shi. Yana jure ruwan da iskar oksijin ta yi ƙaranci a cikinsa, yana jure ƙazantar da kan kori wasu kifaye, kuma yakan daɗe da rai bayan an fitar da shi daga ruwa. Idan hunturu ya shigo sai ya lafe a cikin taɓo ko ya gangara inda ruwa ya fi zurfi, ya rage motsi har yanayi ya sake ɗumi.

Farautarsa ta kwanton ɓauna ce. Yana kwance shiru har ƙaguwa ko jatan lande ko ƙaramin kifi ya matso, sai ya wawure shi a bugu ɗaya. Haƙoransa dakusassu ne, amma muƙamuƙinsa na da ƙarfin farfasa ɓawon ƙaguwa. Wannan cin ƙaguwa ya ba shi matsayi a tsarin rayuwar gaɓar teku. Ƙananan ƙaguwoyin taɓo suna cinye 'ya'yan kawa, kuma wani bincike da Jonathan Grabowski ya wallafa a 2004 ya nuna cewa inda kifin kwaɗo yake, 'ya'yan kawa sun fi tsira. Babban dalilin shi ne tsoro: ganinsa kaɗai kan sa ƙaguwoyi su ɓuya su rage kiwo, ko da bai ci ko ɗaya daga cikinsu ba. A wuri irin mashigin ruwan Chesapeake, inda kamun wuce gona da iri da cututtuka da gurɓacewar ruwa suka rage kawa zuwa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da ƙarni na 19, kuma gwamnati ke kashe kuɗi don farfaɗo da ita, wannan aikin gadi ba ƙarami ba ne.

Tsokar da ke kaɗa ganga

A cikin cikin yawancin kifaye akwai jakar iska da ke taimaka musu su tsaya a zurfin da suke so ba tare da sun nitse ba. Kifin kwaɗo, da yake a ƙasa yake kwana yake tashi, ya mayar da tasa jakar ganga. Tana da siffar zuciya, kuma a gefenta biyu akwai tsokoki da ke manne da ita. Duk lokacin da tsokar ta tsuke ta saki, jakar na girgiza sau ɗaya, ta tura sauti cikin ruwa. Don a sami kiran da mace za ta ji, dole tsokar ta tsuke ta saki kimanin sau 200 a cikin daƙiƙa ɗaya.

Sai an kwatanta ake gane girman wannan adadi. Tsokar da kifi ke iyo da ita ba ta wuce 'yan bugu kaɗan a daƙiƙa. Jelar macijin nan na Amurka mai kaɗa ƙararrawa tana yin wajen 90. Shekaru da dama ana ɗaukar tsokar kifin kwaɗo a matsayin mafi sauri a duk halittu masu ƙashin baya, sai daga baya aka gano cewa tsokokin maƙogwaron wasu tsuntsaye masu rera waƙa da na jemagu suna kusa da ita ko daidai da ita.

Yadda take yin haka ya ɗauki hankalin masana, musamman Lawrence Rome na Jami'ar Pennsylvania da abokan aikinsa. Kowace tsoka, ta mutum ko ta kifi, tana tsukewa ne idan aka sako mata sinadarin kalsiyam daga wani rumbu da ke cikin ƙwayar halittarta, kuma ba ta sakin jiki sai an kwashe kalsiyam ɗin an mayar. Abin da ke hana tsoka sauri shi ne jinkirin kwashewar. A tsokar kifin kwaɗo, wannan rumbu da famfunansa sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na sararin ƙwayar halittar. Akwai kuma wani furotin mai suna parvalbumin da ke tsotse kalsiyam na ɗan lokaci kamar soso, kafin famfunan su cim masa. Ƙari a kan haka, ƙananan ƙugiyoyin da ke jan zaren tsoka suna sakin juna da gaggawar da ba a saba gani ba.

Sai dai saurin ya zo da tsada. Tsokar ba ta da ƙarfi, da ƙyar za ta iya wani aiki ban da girgiza jakar iska, kuma tana saurin gajiya. Shi ya sa kiran namiji gajere ne, bai cika daƙiƙa ɗaya ba, sai ya huta ya sake. Masu sauraro sun kamanta shi da ƙahon jirgin ruwa daga nesa. Kaurin muryar yana bin zafin ruwa: idan ruwa ya yi ɗumi tsokar na ƙara sauri, muryar ta ƙara siranta. Ban da wannan kira na neman aure, wanda maza kaɗai ke yi, namiji da mace duka suna yin wani gajeren gurnani idan an tsokane su ko an kama su.

Sauti yana tafiya kimanin mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwa, fiye da ninki huɗu na saurinsa a iska, kuma a ruwan gaɓa mai duhu da laka kunne ya fi ido amfani. 'Yan Adam sun daɗe suna zaton teku wuri ne na shiru. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne na'urorin sauraren jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa suka riƙa ɗauko ƙararrakin da suka rikita sojojin ruwan Amurka, har bayan yaƙin rundunar ta ɗauki nauyin aikin wata masaniya, Marie Poland Fish, wadda ta shafe shekaru tana naɗar muryoyin halittun teku tana tantance mai kowace murya. Kifin kwaɗo na cikin masu ƙarfin murya a jerin nata.

Uba ne mai reno

Da bazara, idan ruwa ya fara ɗumi, namiji kan zaɓi rami, ya share shi, ya shiga kira dare da rana. Mace na bin muryar har ƙofar ramin. Idan ta shiga sai ta manna ƙwayayenta ɗaya bayan ɗaya a jikin rufin ramin ko bangonsa, sannan ta yi tafiyarta. Daga nan ba ruwanta da su. Namijin yakan ci gaba da kira, don haka rami ɗaya kan tara ƙwan mata da yawa.

Ƙwan manya ne ƙwarai a ma'aunin kifayen teku, faɗin kowanne ya kai milimita 5, kuma yawansu bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Da yawa daga kifayen teku suna watsa dubban ɗaruruwa ko miliyoyin ƙananan ƙwai a ruwa, igiya ta kwashe su, wanda ya tsira ya tsira. Kifin kwaɗo ya ɗauki akasin wannan hanya. Uban yana kaɗa fikafikansa don ruwa mai iska ya riƙa ratsa ƙwan, yana share musu datti, yana korar duk abin da ya matso, kuma cin abincinsa na raguwa a wannan lokaci. Bayan wani lokaci sai su ƙyanƙyashe, amma ba su tashi ba: kowane ɗa yana nan manne da bango ta jikin gwaiduwarsa har sai ya shanye ta. Ranar da ya saki bangon ya riga ya zama ƙaramin kifin kwaɗo cikakke, kuma ko a sannan yakan ƙara kwanaki a inuwar uban.

Wannan tsari na da wani sakamako da ya kamata masu tsara manufofin kamun kifi su lura da shi. Tun da 'ya'yan ba sa bin igiyar ruwa zuwa nesa, kifayen kowane yanki kusan su ne ke haifar magadansu. Idan aka ƙarar da su a wani mashigi, ba a cika samun baƙi daga wani wuri su cike gurbin da wuri ba. Kuma duk namijin da aka cire daga raminsa a lokacin kiwo, an bar ƙwan mata da yawa ba mai tsaro.

Murya tana kiran mata, tana kuma kiran maƙiyi. Dabbar dolfin tana farautar kifin kwaɗo, kuma tana gano shi ta hanyar sauraro. A wani gwaji da aka wallafa a 2006, Luke Remage-Healey da Douglas Nowacek da Andrew Bass sun kunna wa mazan nau'in Opsanus beta, na gaɓar Filorida, sautin dolfin mai farauta ta lasifikar cikin ruwa. Kiran mazan ya ragu da kusan rabi, kuma sinadarin fargaba ya hau a jininsu. Wannan nau'i yana da wata dabarar ɓuya ta daban. Yawancin kifaye suna fitar da dattin jikinsu a matsayin amoniya, a hankali kuma ba yankewa, abin da ke barin wari a ruwa. Shi kuwa yana iya mayar da wani kaso zuwa yuriya, sinadarin da manoma suka sani a buhun takin zamani, ya tara ta, ya fitar da ita gaba ɗaya sau ɗaya ko biyu a yini. Masanan da suka yi aiki a kansa a Miami, ciki har da Patrick Walsh, sun danganta wannan da ɓatar da sawu ga masu farautar da ke bin wari.

Ɗan'uwansa na tekun Fasifik

A farkon shekarun 1980, mazauna gidajen kan ruwa a garin Sausalito, kusa da San Francisco a jihar Kalifoniya, sun shiga ƙorafin wata ƙara da ke hana su barci a daren rani, kamar ta janareta da aka bari a kunne. An zargi famfunan magudanar ruwa, an zargi wani aikin soja na sirri. A 1985 masanin kifaye John McCosker ya nuna cewa mai laifin kifi ne, Porichthys notatus, ɗan dangin kifin kwaɗo da ke zaune daga Alaska zuwa Meziko. Mazan wannan nau'i suna iya riƙe sauti ɗaya fiye da awa guda ba tare da yankewa ba, da bugu kimanin 100 a daƙiƙa, kuma jikin jiragen da mutane ke kwana a ciki yana ƙara masa amo. Daga baya garin ya mayar da abin biki.

Wannan nau'i ne ya fi ba masana mamaki. Mazansa iri biyu ne. Akwai babba, mai haƙa rami da waƙa da reno. Akwai kuma ƙarami, wanda ba ya waƙa, ba ya gini, tsokar muryarsa ba ta girma ba, amma marainansa sun fi na babban girma nesa idan aka auna da jikinsa. Aikinsa shi ne ya laɓe a bakin rami, ko ya shiga a sace kamar mace, ya zuba maniyyinsa a kan ƙwan da waƙar wani ta jawo, ya bar wa mai gida wahalar reno. Ita ma macen jikinta na sauyawa da lokaci: binciken Joseph Sisneros da abokansa a 2004 ya nuna cewa sinadaran haihuwa suna ƙara wa kunnenta kaifi a lokacin kiwo, daidai da irin sautin da maza ke fitarwa.

A 2008 Andrew Bass na Jami'ar Cornell tare da Edwin Gilland da Robert Baker suka bibiyi yadda jijiyoyin da ke sarrafa muryar waɗannan kifaye ke tsirowa a jikin 'ya'yansu. Sun tarar suna fitowa ne daga sashe guda na ƙeyar ƙwaƙwalwa, inda na kwaɗi da tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa ke fitowa. A fassararsu, tushen sarrafa murya a ƙwaƙwalwa tsoho ne da ya haura shekaru miliyan 400.

Daga ƙoda zuwa sararin samaniya

Taurin ran kifin kwaɗo shi ya sa ya dace da ɗakin bincike. A shekarun 1920 likitoci na jayayya a kan yadda ƙoda ke aiki: shin tace jini kawai take yi ta wasu ƙananan matatai, ko kuwa bututunta ma suna zaƙulo datti daga jini da kansu su zuba a fitsari? Ƙodar kifin kwaɗo ba ta da waɗannan matatai ko kaɗan, amma tana yin fitsari, tana kuma fitar da rinin da aka yi wa kifin allurarsa. Aikin E. K. Marshall na Jami'ar Johns Hopkins a kan wannan kifi da wasu makamantansa ya taimaka wajen kashe muhawarar. Ta wannan hanya ta biyu ce ƙodar ɗan Adam ke fitar da magunguna irin su fenisilin, kuma sanin haka yana shiga lissafin yawan maganin da ake ba maras lafiya.

Kunnensa na ciki, inda ake sarrafa daidaiton jiki, yana kama da na mutum a tsari, ga shi kuma faɗin kansa ya sa isa ga jijiyoyin ba wuya. Cibiyar nazarin halittun ruwa ta Woods Hole a jihar Massachusetts ta daɗe tana amfani da shi don fahimtar jiri. A 1998 hukumar NASA ta tura kifayen kwaɗo sararin samaniya har sau biyu: a watan Afrilu cikin kumbon Columbia, sannan a watan Oktoba cikin Discovery, tafiyar da John Glenn ya yi yana da shekara 77. Da suka dawo an tarar jijiyoyin da ke jin nauyin jiki sun ƙara kaifi fiye da ƙima, kafin su koma daidai cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Hakan ya yi daidai da tangaɗin da 'yan sama jannati ke yi a kwanakin farko bayan sauka. Kasafin irin wannan bincike ne 'yan siyasa suka fi saurin yi wa ba'a, domin a takarda nazarin mummunan kifi ba ya kama da abin da zai amfani kowa.

Dafi, da ruɗanin suna

Hatsarin Opsanus tau ga mutum bai wuce cizo da sukar ƙaya ba. Amma wani reshe na dangin, musamman jinsin Thalassophryne na gaɓar Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, yana da ƙayoyi masu rami a ciki kamar allurar asibiti, haɗe da jakar dafi. A arewa maso gabashin Birazil masunta da masu wanka kan taka shi yana binne a yashi, kuma sukar na kawo raɗaɗi mai tsanani da kumburi, wani lokaci har naman wurin ya mutu. A Ostireliya kuma ana kiran wasu kifaye masu kumbura ciki da wannan suna na kifin kwaɗo a Turance, alhali dangi ne daban, kuma namansu guba ne mai kisa.

Hayaniyar jirage

Dangin ya iso gaɓar Afirka ta Yamma. Halobatrachus didactylus yana zaune daga gaɓar Fotugal da Sifaniya har zuwa Ghana, Batrachoides liberiensis kuma daga Senegal zuwa Angola, abin da ya haɗa da ruwan Nijeriya da Kamaru. Waɗannan ruwaye suna ɗauke da zirga-zirgar manyan jirage da aikin neman man fetur, wanda ake yi da bindigogin iska masu tsananin ƙara a ƙarƙashin ruwa.

An fi nazarin tasirin ƙara a kan na farkon, a bakin kogin Tagus da ke birnin Lisbon, inda Clara Amorim da Raquel Vasconcelos da abokan aikinsu suka shafe shekaru suna sauraren sheƙunansa. Matsalar ita ce ƙarar injin jirgi ta fi ƙarfi a daidai kaurin sautin da kifin ke kira da shi kuma yake ji da shi. A ruwa maras zurfi, ko da babu hayaniya, kiran namiji ba ya wuce mitoci kaɗan kafin ya ɓace. Idan jirgin fito ya ratsa, tazarar na ƙara tsukewa. Masanan sun nuna cewa namijin da ya fi yawan kira shi ya fi samun ƙwai a raminsa, kuma mazan da aka kunna wa ƙarar jirgi sun rage kira, sheƙunansu kuma suka fi ƙarancin ƙwai masu rai. A gaɓar Amurka an ga Opsanus tau yana ɗaga murya idan jirgi na wucewa, kamar mai magana a tsakiyar kasuwa, da tsokar da dama can mai saurin gajiya ce. Kifin da ke yawo zai iya kauce wa hayaniya. Namijin da ke gadin ƙwai ba zai bar ramin ba.

Ma'aunin da aka yi a arewa maso gabashin tekun Fasifik ya nuna cewa ƙarfin hayaniya mai kauri a teku ya riƙa ninkawa kusan kowace shekara goma tsakanin shekarun 1960 da farkon 2000, yayin da jiragen dakon kaya ke ƙaruwa. Hanyoyin rage ta sanannu ne: rage gudu, gyaran farfela, da kauce wa wuraren kiwo a lokacin da ya dace. Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, da ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da ƙa'idojin rage ƙarar jiragen kasuwanci a 2014, ta sabunta su a 2023. Ƙa'idojin shawara ne kawai, ba su wajaba a kan kowace ƙasa ko kamfani ba, kuma ƙananan jirage masu injin waje, waɗanda su ne ke ratsa saman ramukan kifin kwaɗo a bakin gaɓa, ba su ne aka rubuta su dominsu ba.